Yadda Ake Nemo Rubutaccen Wasan Kwaikwayo da Sharhinsa a Laburaren Legas

Tambayar nan ta yi yawa. Ɗalibanmu da ke karatu a Akoka da Ojo suna yin ta, malaman makarantun Agege da Idi-Araba masu son shirya wasa ranar rabon kyaututtuka suna yin ta, haka ma samarin da ke haɗa ƙungiyoyin wasa a unguwanni: ina ake samun rubutaccen wasan kwaikwayo a Legas, kuma ina ake samun abin da 'yan jarida suka faɗa a kansa lokacin da aka nuna shi? Yawancin masu tambayar sun riga sun buga sunan wasan a waya, ba su samu komai ba sai taƙaitaccen labari da tambayoyin jarrabawa.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Wasa da sharhinsa ba wuri ɗaya suke kwana ba. Littafin wasa yana kan kanta, da sunan marubuci ake nemo shi. Sharhi kuwa yana cikin tsohuwar jarida, babu katin da ke ɗauke da sunansa, kuma ba mai iya tono shi sai wanda ya san ranar da aka hau dandamali. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka jera su, don haka kada ka tsallake na farko ka tafi na bakwai.

1. Rubuta abu huɗu kafin ka bar gida

Ɗauki takarda ka rubuta cikakken sunan wasan, da sunan marubucin, da kamfanin da ya buga shi tare da shekara, sannan lokaci da wurin da aka fara nuna shi. Wanda ba ka sani ba ka bar gurbinsa, matakan gaba za su cike maka.

Hattara: shekarar da ke cikin littafi ba ita ce shekarar nunawa ba. A Dance of the Forests na Wole Soyinka an nuna shi a 1960, lokacin bikin samun 'yancin kai, amma littafin bai fito ba sai 1963. The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi an nuna shi a Ife a 1968, aka buga shi a 1971. Wanda ya zauna yana buɗe jaridun 1963 ko 1971 yana neman sharhin daren farko, ya ɓata yininsa a banza.

Hattara ta biyu: ka tabbatar wasan ya taɓa zama littafi. Yawancin wasannin da Hubert Ogunde, fitaccen mai wasan kwaikwayon Yarbanci, ya zagaya ƙasar nan da su ba a buga su ba. Haka wasannin talabijin na Arewa irin su Samanja da Karambana, sau da yawa zaren labari ake ba 'yan wasa, su cika sauran da bakinsu. Irin waɗannan ba kanta za ka nufa ba, jarida da kundayen digiri da ma'ajiyar gidajen talabijin za ka nufa.

2. Binciki katalog daga inda kake zaune

Kuɗin mota a Legas ya fi kuɗin data, saboda haka fara da waya. Shiga WorldCat, wanda kyauta ne kuma ya tattara katalog ɗin dubban laburare na duniya. Ba don ka ari littafin daga Ingila ko Amurka ba, sai don ya ba ka sahihin suna, da kamfani, da shekara, da yawan shafuka, da yadda aka rubuta sunan marubucin. Kwafe su duka. Daga nan ka shiga katalog ɗin intanet na laburaren Jami'ar Legas ka gwada.

A nan ne littattafan Hausa ke wahalar da mutane. Masu shigar da bayanai sau da yawa ba su da haruffa masu ƙugiya a kwamfutarsu. In ka rubuta Kulɓa Na Ɓarna ba ka ga komai ba, cire ƙugiyar ka sake gwadawa. Haka sunan marubuci: Umaru Danjuma Katsina yana iya zuwa ƙarƙashin Katsina, yana iya zuwa ƙarƙashin Danjuma. Shu'aibu Maƙarfi, mai Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu, ka gwada shi da alamar hamza da kuma babu ita. Shaihu Umar na Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wanda Longman ya buga a 1975, ka neme shi da Shaihu ka kuma neme shi da Shehu, sannan ka lura kada ka ɗauko littafin zube na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda aka ciro wasan daga cikinsa, domin suna ɗaya suke amsawa.

In ba wani wasa takamaimai kake nema ba, kana son ganin abin da ke akwai ne, yi amfani da kanun fanni. Da Turanci ake rubuta su a katalog: Hausa drama, Nigerian drama, Theater Nigeria. Kalmar ƙarshen nan ka gwada ta da rubutun Amurka da na Ingila, wato theater da theatre, sakamakonsu yakan bambanta.

Hattara: rashin ganin littafi a katalog ɗin intanet ba ya nufin babu shi a ginin. Tsofaffin littattafai da yawa har yanzu a akwatin kati kaɗai suke.

3. Zaɓi laburaren da ya dace da abin da kake nema

Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce Legas ta fi ƙarfi a jaridu da wasannin Turanci da na Yarbanci, ba ta kai Zariya ko Kano a littattafan Hausa ba. Wannan ba dalilin karaya ba ne, dalilin tsara tafiya ne.

Laburaren Ƙasa, reshen Yaba, a kan titin Herbert Macaulay, nan ne wurin farawa ga wanda ba ɗalibin jami'a ba, domin na kowa ne. Dokar 1970 ta wajabta wa duk kamfanin buga littafi ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga a Laburaren Ƙasa, shi ya sa ake iya dacewa da littattafan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ko na Longman a hannunsu. Sai dai ƙananan masu buga littattafai da dama ba su bi dokar ba, kuma abin da aka ajiye yana iya kasancewa a Abuja ko wani reshe. Babban amfanin Yaba a wurinka shi ne tsofaffin jaridu.

Laburaren Jami'ar Legas da ke Akoka shi ne na biyu, kuma ga mai neman wasannin Turanci shi ne na farko. Tambayi sashen da ake kira Gandhi, inda ake ajiye littattafan Afirka da kundayen bincike. Jami'ar tana da Sashen Fasahar Ƙirƙira mai koyar da wasan kwaikwayo, kuma abin da babban laburare ya rasa wani lokaci yana ofishin sashen ko a hannun malami. Wanda ke zaune wajen Alaba Rago ko Mile 2, Jami'ar Jihar Legas a Ojo ta fi masa kusa, ita ma tana da sashen wasan kwaikwayo.

Duk abin da ya shafi FESTAC 77 kuwa, wato bikin fasaha da al'adun baƙaƙen fata da aka yi a Legas a 1977, nufi cibiyar fasaha da al'adun Afirka ta CBAAC a titin Broad cikin tsibirin Legas. An kafa ta a 1979 musamman don ta riƙe kayan bikin. Ofishin tawagar wasanni ta ƙasa, wadda gidanta yake a babban gidan wasa na Iganmu da aka sauya wa suna zuwa na Wole Soyinka a 2024, wuri ne na neman takardun shirye-shirye da kwafin da 'yan wasa suka yi atisaye da shi. Wannan ba laburare ba ne da za ka shiga kai tsaye, sai da wasiƙa da haƙuri.

Ta fuskar hanya, wanda ya taso daga Agege jirgin ƙasa na Jan Layi zai sauke shi a Yaba, daga nan Akoka ba nisa. Shuɗin Layi da ke tsakanin Marina da Mile 2 yana da tasha a Iganmu. Da katin Cowry ake shiga dukansu. Kada ka haɗa Yaba da tsibiri a rana ɗaya, cunkoso zai cinye rabin lokacin karatunka.

4. Takardu, kayan aiki da guzuri

Riƙe katin shaida mai hoto, da hoton fasfo biyu ko da za a yi maka katin mai karatu. In jami'a za ka shiga alhali ba ɗalibinta ba ne, sai da takardar gabatarwa daga makarantarka ko wurin aikinka, zuwa ga shugaban laburaren, mai ɗauke da sunanka da abin da kake bincike da kwanakin da kake bukata. A sa mata hatimi. Ƙungiyar wasa ma tana iya rubutawa a kan takarda mai tambarinta. Yi kwafi biyu, domin za a riƙe ɗaya.

Kayan aiki ba su da yawa: littafin rubutu, fensir, waya mai isasshen wuri da cikakken caji, batirin ko-ta-kwana, da takunkumin hanci. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne, ƙurar tsohuwar jarida tana tayar da asma. Jaka a bakin ƙofa ake ajiye ta, don haka kada ka zo da abin da ba za ka iya rabuwa da shi ba.

Kuɗi kashi huɗu ne: na mota, na rajistar baƙo inda ake karɓa, na fotokwafi wanda ake lissafawa shafi-shafi, da na izinin ɗaukar hoto a wuraren da ke cajin hakan. Farashin yana sauyawa, saboda haka tambaya a teburin karɓar baƙi kafin ka ba da aiki, kuma ka nemi rasit. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kada ka dogara da tiransifa. Ga dabara guda: littattafan wasa ƙanana ne, in an buɗe littafin shafi biyu suna shiga takarda ɗaya, wasa mai shafi 80 ya koma takarda 40.

Hattara: lokacin jarrabawa kujeru sukan cika, wasu jami'o'in ma sukan dakatar da baƙi. Lokacin yajin aiki kuwa ƙofa a rufe take. Talata zuwa Alhamis da sassafe sun fi. In Juma'a ce ta kama ka a Akoka akwai masallaci a cikin jami'ar, amma ka mayar da abin da aka ɗauko maka kafin ka fita salla.

5. Nemo kantar

Gaisuwa tukuna. Mutanen nan suna ba gaisuwa muhimmanci kamar yadda muke ba ta, kuma ma'aikacin da ka gaishe da ladabi, ka kira shi Sa ko ka kira ta Ma, shi ne zai tuna da kwalin da ke can ƙuryar sito. Miƙa masa takardar nan ta mataki na farko maimakon dogon bayani. Matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya zo da tambaya a rubuce ya fi saurin isa.

Tsarin jera littattafai iri biyu za ka tarar. Jami'o'i sun fi amfani da mai haruffa da lambobi. A cikinsa adabin Nijeriya na Turanci yana PR9387, harshen Hausa da adabinsa suna tsakanin PL8231 da PL8234, Yarbanci yana PL8821 zuwa PL8824, littattafan da ke magana kan dandamali da nunawa kuma suna PN2000 zuwa sama. Laburaren jama'a da na makarantu sun fi amfani da mai lambobi zalla. A can 792 shi ne harkar dandamali, 822 wasannin Turanci.

Hattara: a tsarin lambobi zalla mutane sukan nufi 896, inda aka tara adabin Afirka, su dawo su ce babu Hausa. Ba a can take ba. Adabin Hausa yana 893.72, harshen kuma 493.72. Wannan kuskuren ya mayar da mutane da yawa gida hannu rabbana.

In ka isa lambar, duba hagu da dama da kantar sama da ta ƙasa. Littattafan wasa sirara ne, sukan maƙale tsakanin manya ko su faɗa baya. Ka kuma tuna wasa yakan ɓuya cikin tarin wasanni da ke ɗauke da wani suna dabam, don haka buɗe jerin abin da ke ciki na duk littafin da ya tara wasanni.

6. Karanta shafukan farko kafin wasan kansa

Da littafin ya shigo hannunka kada ka yi tsalle zuwa fitowa ta ɗaya. Bayan shafin take akwai shekarar bugun farko da ta sake bugu. Gaba kaɗan, a wasanni da yawa, akwai shafin da ke cewa an fara nuna wasan nan a wuri kaza, ranar kaza, ga sunan darakta ga na 'yan wasa. Wannan shafin shi ne mabuɗin mataki na gaba. Kwafe shi kaf, har sunayen 'yan wasan, domin wani lokaci jarida ba ta ambaci marubuci a kanun labari ba, sai fitaccen ɗan wasa.

Littattafan Hausa ba kasafai suke da irin wannan shafi ba. Karanta gabatarwa, can ake faɗin ko wasan ya fara ne a rediyo ko a wata makaranta. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, alal misali, ta rediyo jama'a suka fara jin su kafin su zama littafi.

Ƙirga shafukan kafin ka biya kuɗin fotokwafi. Littafin da ya daɗe a hannun ɗalibai yakan rasa shafukan ƙarshe, kuma babu takaicin da ya kai a fara atisaye a tarar babu fitowar ƙarshe.

7. Farautar sharhi a jarida

Nan ne aikin yake, kuma nan nake so ka ba mafi yawan lokacinka.

Fara da zaɓen jaridar da ke raye a shekarar. Daily Times ta fara fitowa a 1926, West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe a 1937. Duk wasan da aka nuna a zauren Glover a shekarun 1940 da 1950, waɗannan biyun da Daily Service za ka buɗe. Ogunde ya fara nuna wasansa a zauren a 1944, kuma da tallace-tallace da rahotannin irin waɗannan jaridu Ebun Clark ta sake gina tarihinsa a littafinta na 1979. Daga 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970 Daily Times ce kan gaba, tare da 'yan'uwanta Sunday Times da Lagos Weekend. Daga 1983 kuwa The Guardian ta zama gidan sharhin wasan kwaikwayo, inda mutane irin su Ben Tomoloju da Jahman Anikulapo suka riƙe shafukan fasaha. Ƙara da National Concord da Punch da Vanguard, sannan ThisDay daga 1995.

Hattara: gwamnatin soja ta rufe The Guardian daga Agustan 1994 zuwa Oktoban 1995, kuma Punch da Concord ma an rufe su a 1994. In wasanka ya faɗo a wannan tsakani, kada ka zargi laburare da ɓatar da kundi. Koma wa Daily Times da Vanguard.

Jaridun a ɗinke suke, wata-wata ko wata uku-uku, cikin manyan kundaye. Za a ba ka 'yar takarda ka rubuta sunan jarida da wata da shekara. Nemi kundi biyu a lokaci guda, kada ka sa a kwaso maka shekara guda. A inda aka ɗauki jaridun a maikurofim, wato siririn fim mai ɗauke da ƙananan hotunan shafuka, tambayi ko na'urar karantawa tana aiki kuma akwai wuta kafin ka cike takarda.

Yadda ake bin shafukan kuwa shi ne ka fara daga mako guda kafin ranar nunawa. A nan za ka ga talla, wadda ke tabbatar da rana da zaure da kuɗin shiga, wani lokaci ma ta nuna an ɗage ranar. Sai ka bi kowace rana har mako uku bayan an gama. Sharhi ba ya fitowa washegari kamar labarin ƙwallo, yakan jira shafin fasaha na ƙarshen mako, don haka bugun Juma'a da Asabar da Lahadi ka bi su shafi-shafi. Kada ka tsallake wasiƙun masu karatu. Sau da yawa darakta ko marubuci yakan mayar wa mai sharhi martani a can, kuma a ganina wannan musayar ta fi sharhin kansa amfani ga mai bincike, domin a cikinta ne kowa ke faɗin abin da yake nufi ba tare da kwana-kwana ba.

Misali mai sauƙi don koyon hannu shi ne FESTAC, tunda ranakunsa sanannu ne: 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Wasan da Nijeriya ta gabatar shi ne Langbodo na Wale Ogunyemi. Kundi biyu kacal, na Janairu da na Fabrairu, sun ishe ka ka ga yadda talla da rahoto da sharhi da martani ke bin juna. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya iya aikin.

Ka bambanta abu uku da suke kama da juna. Akwai sanarwar da masu wasan suka aika jarida ta buga, wadda yabo ce zalla. Akwai rahoton wanda ya je ya lissafa manyan baƙi. Sannan akwai sharhi na gaskiya, mai sunan marubucinsa, wanda ya yi magana kan 'yan wasa da tsarin dandamali da yadda 'yan kallo suka karɓa. Dukansu suna da amfani, amma kada ka kawo na farko a matsayin ra'ayin masu sharhi. Haka nan sharhin littafi dabam, sharhin nunawa dabam.

Wasan da ya shafi Arewa, kamar Attahiru na Ahmed Yerima wanda ya ɗauko labarin Sarkin Musulmi Attahiru da zuwan Turawa a 1903, kada ka tsaya a jaridun Legas kaɗai. Haɗa da New Nigerian ta Kaduna, wadda ta fara a 1966, ka ga yadda kowane ɓangare ya kalle shi. Wasan Hausa zalla kuwa, jaridun Legas ba safai suka kula da shi ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, da New Nigerian su ne wurin nema.

Shafin Archivi.ng yana saka tsofaffin jaridun Nijeriya a intanet, ana iya bincika su da kalma. Gwada shi kafin ka fita, zai iya ba ka ranar da kake nema. Amma bai ƙunshi kowace jarida da kowace shekara ba, saboda haka bai ɗauke maka zuwa Yaba ba.

8. Mujallu da kundayen digiri

Nigeria Magazine ta daɗe tana buga sharhin wasanni da hotunansu, kuma ita ce ta fitar da tarin maƙalun da Yemi Ogunbiyi ya tace a 1981 kan wasan kwaikwayo a Nijeriya, wanda ke da babuka kan bori da 'yan kama. Black Orpheus, da ta fara a 1957, da Nigerian Theatre Journal ta SONTA, ƙungiyar masana wasan kwaikwayo ta Nijeriya, su ma a duba su. A intanet akwai AJOL da JSTOR, shafukan da ke tara maƙalun bincike, kuma kwamfutocin laburaren jami'a sukan buɗe maƙalun da wayarka za ta ce sai ka biya. Ga jerin wasannin Hausa da aka buga kafin ƙarshen shekarun 1980, Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, bugun 1988, zai taƙaita maka wahala.

Gajeriyar hanya mafi inganci ita ce kundin digiri. Nemi wanda aka rubuta kan marubucinka, ka buɗe shafukan ƙarshe inda aka jera madogara. Wani ɗalibi ya riga ya sha ƙurar, ya rubuta sunan jarida da rana da shafi. Wasu ma sukan liƙa cikakken wasan da ba a buga ba a rataye.

Hattara: kada ka kwafe madogarar ka wuce. Je ka ga jaridar da idonka. Kuskuren rana ɗaya yana yawo daga kundi zuwa kundi shekara da shekaru saboda kowa ya yarda da na gabansa.

9. Ɗauki hoto yadda zai yi amfani gobe

Nemi izini kafin ka ɗaga waya. Kashe filasha. Kowane sharhi hoto uku yake bukata: shafin farko na jaridar mai suna da kwanan wata, cikakken shafin da sharhin yake tare da lambarsa, sannan sharhin daga kusa yadda zai karantu. In an ce ci gaba a shafi kaza, bi shi nan take. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi kafin ka rufe kundin, rubutun da ke kusa da ɗinki yakan shige duhu.

A littafin rubutunka sa sunan mai sharhi, kanun sharhin, jarida, rana, shafi, da laburaren da ka gani. Rubuta har kundayen da ka duba ba ka samu komai ba, don kada ka sake biyan kuɗin mota a kansu. Da ka isa gida tura hotunan imel ɗinka, waya tana faɗuwa a danfo.

Tsohuwar takarda tana karyewa kamar busasshen ganye. Juya ta daga kusurwar sama da hannu biyu, kada ka lashi yatsa, kada ka jingina gwiwar hannu a kai. Wanda ya yanke sharhi da reza ya sa aljihu ya zalunci duk wanda zai zo bayansa, domin wataƙila kwafin da ya rage ke nan a garin.

10. In Legas ta gaza

Kafin ka yanke hukuncin babu, zaga kasuwa. Kantin CSS a titin Broad, kantin littattafan Jami'ar Legas, Terra Kulture a Victoria Island da masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba duk wuraren dubawa ne. Bikin littattafai da fasaha da ƙungiyar CORA ke yi a Freedom Park cikin Nuwamba yana tara marubuta da daraktoci da tsofaffin masu sharhi wuri guda, ka je da takardarka. Littafin wasan Hausa kuwa, tambayi malamin Hausa a makarantar da ke shirya ɗalibai jarrabawar WAEC ko NECO, tunda wasan kwaikwayo yana cikin manhaja, irin su Uwar Gulma na Mohammed Sada sukan kasance a durowarsa. Kada kuma ka raina sito: fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, wanda aka daɗe ana zaton ya ɓace, a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya aka tsinto shi, aka gyara, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018.

Jaridun zamanin Turawa da ka rasa a Yaba, nufi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, tare da laburaren Kenneth Dike. Jirgin ƙasa yana tashi daga Ebute Metta. Na Hausa kuwa suna Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Kaduna, da laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, da Jami'ar Bayero a Kano. Ba lallai ka tafi da kanka ba. Tura wa ɗan'uwa ko ɗalibin da ke can takardar nan mai abu huɗu, da lambar kanta, da ranakun jaridar, ka haɗa masa da kuɗin mota da na fotokwafi. Saƙon “duba mini wani wasa” ba ya dawowa da komai.

11. Izini, in nunawa za ka yi

Kwafin da ka ɗauka don nazari dabam, hawa dandamali da shi dabam. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutaccen wasa tsawon rayuwar marubucinsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, wanda ke nufin kusan duk wasannin da aka ambata a nan suna da masu su, ko marubutan ko magadansu. A bayan shafin take yawanci an rubuta wanda za a nema kafin a nuna wasan. Rubuta masa, ko ka rubuta wa kamfanin da ya buga, ka faɗi sunan makaranta ko ƙungiya, da zaure, da ranakun nunawa, da ko za a karɓi kuɗin shiga. In fassara wasan za ku yi zuwa Hausa, ko za ku ɗauke shi a bidiyo ku saka a YouTube, ka faɗi hakan a wasiƙar, domin kowanne izininsa dabam. Aika ta tun kafin a raba wa 'yan wasa matsayi, kuma ka ajiye amsar a rubuce.